Canza seftin AR-15 a gida: in yi da kaina ko in kai wa mai gyara?

Bahagon Houston: Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu harkar bindiga a cikinmu ina neman shawara. Ina da AR-15 irin wadda ake sayar wa kowa a shago, jan kunama ɗaya harsashi ɗaya, toh ni bahago ne, seftin kuma, wato ɗan hannun da ake juyawa a kulle ta kar ta tashi, a gefen hagu yake inda babban yatsan mai riƙo da dama ke kaiwa, ni in na riƙe da hagu sai dai in miƙo ɗan ali in ture shi ko in zagayo da babban yatsa ta bayan mariƙin, abin dai ba daɗi musamman in ana sanyi da safar hannu. Na sayo sefti mai hannu biyu, dama da hagu, an kawo min. Na leƙa wani shago mai gyaran yace dala 40 kuma sai na bar masa ita sati mai zuwa na karɓa. In yi da kaina ne ko in haƙura in biya?

Kawu Dallas: Wa alaikumus salam. Ka biya ɗana. Dala 40 ba ta kai ran mutum ba.

Sajan Killeen: Kawu da girman kujerarka amma wannan aikin bai kai a bar bindiga sati a shago ba, sukuru ɗaya ake kwancewa wlh. Minti goma sha biyar ne ga wanda bai taɓa yi ba.

Kawu Dallas: Ku sojoji komai minti goma sha biyar ne a wajenku.

Injiniya Columbus: Bari in fara da yadda abin ke aiki don in ka gane shi tsoron zai ragu kuma za ka san abin da kake gwadawa daga baya. Wannan ɗan hannun da kake juyawa haɗe yake da wani ɗan gungumen ƙarfe mulmulalle da ya ratsa jikin bindigar daga wannan gefe zuwa wancan, daidai saman wutsiyar kunama. An fafe gefe ɗaya na gungumen ya zama shafaffe. In yana kan sefti, ɓangaren mulmulallen ne ke zaune a kan wutsiyar, ko ka ja kunama wutsiyar ba ta da inda za ta ɗaga, hama, wato ƙarfen da ke kai bugun da ke tayar da harsashi, ba za ta kuɓuce ba. In ka juya, fafaffen ya zo wurin, an samu fili kenan. Shi ke nan, babu wani siddabaru a ciki. Abin da ke sa ka ji ƙas in ka juya kuma ya tsaya cak a wurinsa wani ɗan fil ne mai tsini da sifirin ke turowa daga ƙasa, sifirin ɗin kuwa a cikin mariƙi yake zaune. Shi ya sa dole sai an taɓa mariƙi.

Bahagon Houston: Toh kaga ni da na ɗauka sai an fitar da kunamar gaba ɗaya.

Sajan Killeen: A'a in kunamar da ta zo da bindigar ce ba ruwanka da ita. Ga yadda nake yi. Kafin komai cire magazin, wato gidan harsasai, ja hannun ɗanawa baya ka leƙa ɗakin harsashi da idonka ka kuma zura yatsa ka ji, harsasan gaba ɗaya ka kwashe su ka kai wani ɗaki daban, ba kan teburin da kake aiki ba, ba aljihunka ba. Sai ka tura fil biyun nan na gaba da na baya ka raba saman bindigar da ƙasanta ka jingine saman can gefe. Daga nan danna hamar baya da hannu har ta kama, wannan wurin mutane ke tsayawa suna kokawa, in hama na kwance a gaba seftin ba ya juyawa kuma ba zai zaro ba ko za ka kwana kana ja. Sukurun mariƙin yana can ciki ta ƙasa, wani na alanki ne, ɗan ƙarfen kwance sukuru mai kusurwa shida, wani na doguwar sukundireba mai faffaɗan baki. Kwance shi a hankali ka janye mariƙin a miƙe ba tare da murɗawa ba, za ka ga sifirin ya leƙo daga ɗan raminsa ta gefen dama, ɗan fil ɗin kuma yana cikin ramin jikin bindigar, tara hannu ka karkata ya faɗo tafinka. Tsohon seftin sai ya zaro ta hagu salin alin. Sabon ya shiga ta inda tsohon ya fito, ka mayar da fil tsininsa na kallon gungumen, sifirin ya koma raminsa, ka haɗa mariƙi kana kallon sifirin yana shiga a miƙe, ka ɗaure. Sai hannun ɗaya gefen.

Injiniya Columbus: Ƙari a kan na Sajan, ka shimfiɗa farin tawul kuma kar ka yi a kan kafet. Ɗan fil ɗin nan bai kai ƙwayar wake ba, in ya faɗa kafet sai dai maganaɗisu. Kuma in sabon seftin ya zo da nasa fil ɗin a leda toh nasa za ka sa, kar kace tsohon ai lafiyarsa lau, wasu kamfanonin sun yanka hanyar da fil ke bi daidai da tsinin nasu.

Kawu Dallas: Duk na ji. Amma ku gaya min, wanda ke koyo daga rubutun waya ta ina zai san ya yi daidai? Ku kun saba, hannunku ya san yadda ƙas ɗin kirki yake. Shi fa? Ni abin da nake gudu ba ɓatan sifirin ba ne, mutum ya haɗa abu ya ga ya zauna kyau ya rataya a kafaɗa yana ganin a kulle take alhali ba a kulle take ba. Gara ma bindigar da kowa ya san ba ta da sefti, ita ana kaffa-kaffa da ita.

Sajan Killeen: Wannan magana taka Kawu ita ce maganar, ban musa ba ko kaɗan. Amma amsarta ba shago ba ce, gwaji ne, don ko mai shagon ne ya haɗa maka in ka dawo gida sai ka gwada da hannunka. Wanda aka gyara wa birkin mota ai sai ya taka ya ji kafin ya hau babban titi ko da bakaniken amininsa ne. Bahago ka ajiye wannan. Ƙasan bindigar kaɗai a hannunka, ba sama, ba harsashi. Ɗana hama, sa sefti, ja kunama da ƙarfi sosai, hama kar ta motsa. Saki kunamar, ka tare gaban hamar da babban yatsa, ka juya zuwa harbi ba tare da ka taɓa kunama ba, nan ma kar ta faɗi. Wannan na biyun shi ne wanda mutane ke tsallakewa kuma shi ne mugun, na taɓa ganin wata a filin harbi da mai ita ya haɗa mata kunamar wani kamfani da seftin wani, yana ture sefti kawai ta tashi, Allah ya sa bakinta na kallon tudun ƙasa. Sai na uku, ja kunama hama ta faɗi a kan yatsanka, kar ka saki kunamar, mayar da hama baya ta maƙale, sannan ka saki kunamar sannu a hankali za ka ji ƙas hamar ta ɗan matsa kaɗan ta tsaya. In ta biyo ta faɗi, tsaya nan, kar ka sa mata harsashi, kai wa mai gyara. Ka maimaita duka da hannun dama na seftin sannan da na hagu, in ka haɗa sama da ƙasa ka sake yi.

Bahagon Houston: Me ya sa ake tare hamar da yatsa? Ba a barinta ta buga kawai?

Injiniya Columbus: In babu saman, abin da hama za ta daka shi ne bangon jikin bindigar da ɗan ƙarfen da ke riƙe bolt, wato abin da ke tura harsashi cikin ɗakinsa, jikin kuma alminiyom ne, kana yi kana yi sai ya tsage. Kuma wannan ƙasan shi ne mai lamba, shi doka ta sani a matsayin bindiga, in ka fasa shi sabon saye ne da cike takarda da binciken FBI daga farko. Sefti da sifirin kuwa ɗan aike ke ajiye maka a ƙofa.

Ɗan Fagge: Ikon Allah. Wato ku a can mutum na zaune a falo yana kwance bindigar yaƙi yana shan shayi? Mu nan ko kwanson harsashi aka gani a motarka ka shiga uku.

Sajan Killeen: Ba ta yaƙi ba ce ɗan uwa, kama ce kawai. Asalinsu ɗaya, Eugene Stoner ne ya zana ta a kamfanin ArmaLite, suka sayar wa Colt a 1959, daga nan M16 ta soja ta fito. Amma ta farar hula wuri biyu kawai seftinta ke da shi, kulle da harbi ɗaya-ɗaya.

Ɗan Fagge: Toh tunda an riga an buɗe cikin, ba sai a ƙara mata na ukun ba irin na sojoji, ratatata? Tambaya ce kawai fa.

Admin: Malam Ɗan Fagge wannan tambayar a bar ta nan dan Allah. Duk wanda ya kawo bayanin yadda ake yi zan goge in cire shi, ba wasa.

Sajan Killeen: Admin bari in faɗi dokar kawai don masu karatu shiru. Tun dokar 1934 ake rajistar bindiga mai sarrafa kanta a Amurka, sannan a 1986 aka rufe ƙofar, duk wadda aka ƙera bayan 19 ga watan Mayun shekarar farar hula ba ya mallakarta. Mayar da taka ta zama haka a gareji laifin tarayya ne, ɗauri har shekara 10, kuma hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi tana lissafa ɗan ƙarfen da ake juya ta da shi a matsayin bindigar kanta ko da yana cikin durowa ba a saka ba. In girin kad gare ka, wato katin zaman dindindin, kuma ka haɗa da kora. Don haka duk wani abu da kuka gani ana talla a intanet mai arha ana cewa yana ƙara sauri, ku wuce. Abin da Bahago ke yi daban ne, hannu kawai yake ƙarawa a ɗaya gefen, ita kanta rundunar sojan ƙasa da ta sabunta bindigarta M4 zuwa M4A1 sefti mai hannu biyu ta saka.

Ɗan Fagge: Na janye ranka ya daɗe. Ni ko adaka ban taɓa harbawa ba.

Lauyan Kaduna: Gara da ka janye. Kuma tunda akwai mutanen gida da yawa a nan, kar wani ya karanta wannan ya ɗauka ya shafe mu. Dokar makamai ta Najeriya tun ta 1959 ce, ta kasa bindigogi uku: waɗanda aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, na ƙashin kai irin na farauta sai da na Sufeto Janar, sai irin su adaka da ake ɗura wa ta baki a wajen kwamishinan 'yan sanda. Gyaran ma kansa ba kowa aka yarda ya yi ba sai mai izini. Ku kuma na can, kar wani ya roƙe ku ku saƙo masa ko da sifirin ne a cikin kwantena ko akwati, fitar da kayan bindiga daga Amurka ba lasisi laifi ne tun kafin ya iso Legas a kama na biyu.

Na Bronx: Mu ma nan New York kallo kawai muke yi, tun dokar 2013 irin wannan mai mariƙi da magazin mai fita an hana sayar da ita, cikin birni kuma ma ba a magana. Texas wata ƙasa ce daban.

Ɗalibi Oklahoma: Yayyena ni tambayata, wane iri ya sayo, mai digiri 90 ko 45, wato nisan da hannun ke juyawa daga kulle zuwa harbi? Don ni na abokina na taɓa mai 45 wlh daɗi, ɗan taɓawa kaɗan ya juya ba sai ka saki riƙo ba.

Bahagon Houston: Radian Talon ne, ance yana yin duka biyun, ya danganta da yadda ka juya gungumen wajen sakawa. Ni ma 45 ɗin nake tunani.

Sajan Killeen: Bar shi a 90.

Ɗalibi Oklahoma: Haba Sajan saboda me? Duk masu gasa gajeren suke sawa.

Sajan Killeen: Shi gasa yake yi? Saurin da za ka samu bai kai ƙiftawar ido ba, abin da za ka bayar kuma ya fi shi. A 90 in ka kalla daga nesa ka san halin da take ciki, a kwance kulle, a tsaye harbi, kuma kibiyar na nuna rubutun da ke jikin bindigar daidai. A 45 in tana kan harbi kibiyar tsakanin rubutu biyun take tsayawa, kai ka sani, amma ɗan uwanka da ka miƙa wa a fili bai sani ba, sai yace ai rabi take ba ta gama buɗewa ba. Kuma yanzu hannu biyu gare shi, ko ta wane gefe ka rataya akwai wanda ke gugar rigarka.

Injiniya Columbus: Nan kam ban bi ka duka ba Sajan. Abin da ke hana shi juyawa da kansa ƙarfin sifirin ne da zurfin ramin da fil ke faɗawa, ba nisan tafiyar ba. Mai 45 na kirki ya fi mai 90 da sifirinsa ya lanƙwashe. Kuma akwai abin da ba ka faɗa ba, mai gajerun yatsu mayar da 90 kan kulle yana masa wuya sai ya saki riƙo, toh wanda abu ke masa wuya sai ya riƙa ƙyuya yana barinta a buɗe tsakanin harbi da harbi. In gajeren zai sa mutum ya riƙa kullewa kowane lokaci ni ina ganin riba ce. Maganar rubutun jiki dai na yarda da kai.

Sajan Killeen: Sifirin da ya lanƙwashe ai gyara shi ake yi, ba hujja ba ce. Ni dai duk bindigar da hannuna ya saba da ita 90 ce kuma ba na son wata ta zo min da sabon hali.

Lauyan Kaduna: Ɗalibi tsaya, kace na abokinka ka taɓa. Da wace biza kake zaune?

Ɗalibi Oklahoma: Ta karatu ce yallaɓai.

Sajan Killeen: Toh ƙanena ka yi hankali sosai. Mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, riƙewa fa ba saye kaɗai ba, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, wadda aka fi sani ita ce lasisin farauta mai rai daga wata jiha. Mai girin kad wannan hanin bai hau kansa ba. Kafin ka sake taɓa ta kowa ka zauna da lauyan shige da fice, kuma hotunan nan da ake ɗorawa a Instagram a rage.

Ɗalibi Oklahoma: Innalillahi. Na gode yaya, ba wanda ya taɓa gaya min.

Maman Hanif: Sannunku da ƙoƙari iyayen gida. Tun ɗazu nake karantawa ana ta digiri kaza digiri kaza ba wanda ya tambayi inda za a yi aikin da inda yara suke a lokacin. Malam Bahago na san gidanka da ƙanana. Sajan yace a kai harsasai wani ɗaki, wane ɗakin, wanda yara ke wasa a ciki? Ni a asibiti nake aiki, ba zan ba ku labari ba don ba ya faɗuwa. Wannan ɗan hannun da kuke ta yabo ya yi laushi ya yi daɗin juyawa, ɗan shekara huɗu ma daɗin zai ji. Kuma a Texas in yaro ƙasa da shekara 17 ya kai hannu kan bindiga mai harsashi saboda sakacinka laifi ne a kanka.

Bahagon Houston: Gaskiya ne Hajiya. Akwatin ƙarfe mai lamba nake da shi, harsasai kuma a wata ƙaramar daban. Sai sun tafi islamiyya zan yi, a gareji.

Maman Hanif: Madalla. Lambar kuma kar ta zama shekarar haihuwar wani a gidan, yaran yanzu sun fi mu wayo.

Kawu Dallas: Hajiya ta fi ku duka magana.

Bahagon Houston: Jama'a an gama alhamdulillah. A 90 na bar shi, Injiniya ka yi haƙuri. Na yi gwajin Sajan duka, da saman a cire da kuma bayan na haɗa, dama da hagu, hama ba ta yi gardama ba, ƙas ɗin ma ya fi na da fita. Abu ɗaya ne, in na juya zuwa harbi dogon hannun da ke hagu yana sauko min daidai kan gindin ɗan alina, yatsan kunama kenan, yana tokare ni.

Injiniya Columbus: Ai an saba, masu dama ma haka suke kuka da na ɗaya gefen. Hannu biyun ba tsayinsu ɗaya ba, musanya su za ka yi, dogon ya koma dama inda babban yatsanka yake, gajeren ya dawo hagu. Naka ba sukuru gare shi ba, ɗan fil ne mai sifirin ke riƙe kowane hannu, danna shi ka zame hannun, amma ka yi a cikin farar leda don in ya yi tsalle ya tsaya a ciki. Masu irin na sukuru kuma ɗigon gam ɗin riƙe sukuru shuɗi ake sawa, ban da ja, jan sai da wuta yake kwancewa.

Sajan Killeen: In ka musanya ka sake gwajin daga farko, ka taɓa shi kenan.

Kawu Dallas: Ni dai har yanzu da a ce nawa ne sai wani mai sana'ar ya duba min. Amma tunda kun taru kun fi ni baki shi ke nan.

Sajan Killeen: Kawu ka zo ka duba da kanka mana, Asabar zan shigo Houston. Bahago ka taho da ita a akwati ba harsashi a ciki, in gwada da hannuna kafin a loda, magazin na farko kuma harsashi biyu kawai za mu sa mu gani. Ka riƙo tsohon seftin da fil ɗinsa da alankin ko da za a buƙata. Ƙarfe tara na safe, taran agogo ba ta ɗaurin aure ba.